Hannun Om Lamber

Gadar ta girmi Darsih da shekara tara. Ta ƙarfe ce, ita ke ɗauko hanyar ƙauyukan manoman albasa ta tsallake da ita babban titin da ya fito daga garin Cirebon ya yi gabas. Wata uku ke nan ma'aikatan gyara suna fama da ita. Sun kankare tsatsa, sun canza ƙusoshi, ranar Laraba suka ɗaye kwaltar samanta kakaf, aka bar baƙin farantin ƙarfe tsirara yana kallon rana.

Saura matasai. Azara huɗu ta ƙarfe ke ɗauke da gadar, kowacce ta ɗora kai a kan matashinta bisa ginshiƙin da ke tsakiyar titi. Duk huɗun tsatsa ta gama da su. Sai an ɗaga gadar da jak huɗu, a zare tsoho a cusa sabo, motoci na ta wucewa a ƙasa. Darsih ce mai injin jak. Shekararta goma sha ɗaya a kansa.

Yadda suka saba, tun kafin ta shigo aikin, a ɗaga bayan sallar asuba, a sauke kafin hantsi ya yi ƙarfi. Akwai wasu fayafai masu santsi da ake ɗorawa a kan jak, don gada ta sami wurin miƙewa idan ta sha rana. Suna can a ɗakin kaya cikin ledarsu. Ba wanda ya taɓa buɗe su, don ba su taɓa kai tsakar rana da gada a sama ba.

Ran Juma'ar nan matasai uku suka fita lafiya. Na huɗu ya kafe.

Sha ɗaya da kwata Pak Wiryo, wato Malam Wiryo, shugaban ma'aikata, ya duba agogo, ya leƙa saman ginshiƙi. Wurin matsattse ne, ba a zama, sai kwanciya. Tafin takalman Om Lamber, wato Kawu Lamber, kawai ake gani, da ƙarar guduma.

"Om, bar shi haka. In mun sauko daga masallaci sai mu taru a kansa."

"Ku je ku nema mana gafara," in ji Lamber daga ciki. "Ni da shi mun fahimci juna. Tsoho ne, ni ma tsoho ne."

Lamber, cikakken sunansa Lambertus, mutumin tsibirin Flores ne, Kirista, shekararsa hamsin da takwas, talatin daga ciki a kan ƙarfe ya yi su. Tsarinsu da shi daɗaɗɗe ne: tsakar ranar Juma'a shi ke riƙe aiki, safiyar Lahadi su riƙe masa.

"In ka fasa min siminti sai na aske wannan gashin bakin naka," in ji Pak Wiryo.

"Fara nemo wanda zai danne maka ni tukuna."

Pak Wiryo ya juyo, ya kira ta da Mbak, wato Yaya. "Mbak Darsih, an kulle?"

"An kulle, Pak. Huɗun duka."

Da hannunta ta murɗa zoben kowane jak har ya zauna. In zobe ya zauna, ko mai ya tsiyaye tas, jak ba ya sauka. Ta san wannan kamar sunanta.

Mazan suka wanke hannu, suka ɗaura zannuwan sallah a kan wandunan aiki, suka cika a-kori-kura har da direban tankar ruwa. Masallacin yana cikin ƙauye, kilomita biyu. Wayoyinsu kuwa a ɗakin kaya suke barinsu a caji, don limamin wurin ba ya ɗaukar wargi a kan ƙarar waya.

Darsih ta zauna a dandamalin katakon da aka kafa a gefen ginshiƙi, ta buɗe ƙunshin shinkafa da awara. Ta yi loma uku. A ta huɗu ta ji wani ɗan ƙas a saman kanta. Can kuma ƙas. Ƙarfe yakan yi haka da rana, ba ta ɗago ba. Sai da ya yi sau biyar a jere ta duba jak na huɗu.

Ya karkace. Gindinsa na nan inda ta ajiye shi da asuba, amma kansa ya bi azara ya yi arewa. Farantin da aka tsiraita ya sha rana, gada ta miƙe, ta ja kan jak ta tafi da shi. Zobe sauka yake hanawa, ba ya hana kwanciya.

"Om, fito da..."

Ba ta ƙarasa ba. Jak ya tsirgo gefe kamar ƙwallon mangwaro, ya bugi ƙarfen dandamali. Gadar ta yi wani nishi da ta ji shi har cikin haƙoranta. Ƙura ta zubo.

Lamber bai yi ihu ba. Ya ce, "Mbak." Shi ke nan.

Ta shiga da rarrafen ciki. Yana kwance a gefen hagu, hannunsa na dama ya shige tsakanin azara da tsohon matashi, daga wuyan hannu zuwa yatsu ba a ganin komai. Abin da ya hana azarar zama gaba ɗaya wani guntun katakon jati ne, icce mai tauri, da ya cusa a gefe, irin na tsofaffin ma'aikata. Katakon ya matse, ya bar rata kamar yatsa biyu. Yana kuka a hankali, kamar ana taka busasshen ganye.

"Kana jin yatsunka?"

"Ina jin su. Da ma ban ji ba."

Ta juya ta dubi sauran ukun. Duk sun sunkuya arewa, na uku ya fi. Nauyin da na huɗu ya yar, su suka ɗauka. Idan katakon ya fashe, hannu ya tafi. Idan ukun suka bi ɗan'uwansu, kan gadar zai faɗo a kan ginshiƙi, da ita da shi a tsakani, abin da ya ɓalle kuma ya sauka a kan motoci.

Ta kira Pak Wiryo, ko da ta san inda wayar take. Ta yi ta ringi. Ta kira motar asibiti. Ta kira masu sintirin titi ta ce a rufe hanya, yanzu.

"Wace ce ke magana, Bu? Akwai takardar izini?"

"Gada za ta faɗo!"

"To, Bu, ga motarmu nan zuwa. Minti ashirin da biyar, in hanya ta yi kyau."

Ta kashe. Ta kira Bu Karsem, wato Inna Karsem, mai rumfar abinci a gindin gada. Daga ita sai ita suka rage a wurin.

"Awarar ce ba ta yi ba?" in ji Bu Karsem.

"Bu, gada ta danne hannun Om Lamber. Hawo sama da gudu."

Ba ta san matar na iya gudu ba. Kafin minti biyu ga fuskarta tana leƙowa ta kan shingen gada, ludayi na hannunta.

"Innalillahi! In hau babur in je masallaci? Wallahi har gaban liman zan shiga!"

Darsih ta auna. Zuwa, kutsawa cikin sahu, neman mutum goma cikin ɗari biyar, dawowa. Kwata ɗin awa, in an yi sa'a. Ta saurari katakon.

"A'a. Je bayan tanka, akwai kan famfo ja. Buɗe shi duka, ki ja tiyo ki jiƙa farantin, daga nan har can ƙarshe."

"Ruwa? Mutum na mutuwa ki ce in wanke gada?"

"Zafi ne ya miƙar da ita. In ta huce za ta dawo. Bu, don Allah!"

Fuskar ta ɓace.

Akwai jak na biyar, na ko-ta-kwana, mai famfon hannu. Yana can ƙarshen dandamali, kilo arba'in da biyar. Kullum maza biyu ke ɗaukarsa. Ta rungume shi ta ɗora a bakin ginshiƙi, wani abu ya tsinke mata a kwankwaso, ba ta tsaya jin ko mene ne ba. Ta shiga da baya tana jansa, taƙi ɗaya, ta huta, taƙi ɗaya. Siminti ya ɗaye mata gwiwar hannu.

"Mbak," in ji Lamber. Muryarsa ta yi siriri. "Hau sama. In ta zo kada ta haɗa da ke."

"Rufe min baki, Om."

"Yarinyar nan ba ki da kunya. Na haife ki."

"In ka fito ka mare ni."

Ruwa ya fara zubowa ta ramukan ƙusoshi. Na farko tafasasshe ne. Ya sauka a bayanta ta cikin riga, ta cije leɓe, ta kare fuskar Lamber da hular kwanonta. Tururi ya cika wurin. A ƙasa aka fara danna ham, wani mai babur ya ɗago kai ya zagi uwar kamfani.

Ta tsayar da jak a ƙarƙashin azara ta huɗu, ta jera masa ƙananan farantai har kansa ya taɓa ƙarfe. Ta haɗa tiyon mai. Ta kama mariƙi. Sai ta sake shi.

"Me kike jira?"

"In na ɗaga yanzu, na ukun zai tsirge. Sai sun miƙe tukuna."

Ta ɗauki ƙusa ta ja layi a kan siminti daidai bakin azara. Ta ja wani inda ƙura ta nuna azarar ta tsaya da asuba. Tsakaninsu faɗin babban yatsa. Ta kwanta ta zuba wa ratar ido.

Ba abin da ya motsa. Ruwa na zuba, ya koma ɗumi, ya koma sanyi. Daga nesa lasifikar masallaci na kawo huɗuba, ba a jin kalmomin, sai tashi da saukar muryar liman. Bai ma kai rabi ba. Ta san shi, ba ya gaggawa.

Katakon ya yi ƙara, wata tsaga ta buɗe a tsawonsa. Azarar ta sauko kamar kaurin ƙwayar shinkafa. A nan Lamber ya yi ihu, ihu ɗaya mai tsawo, ƙafafunsa na dukan siminti. Da ya yi shiru sai ya yi amai a gefen fuskarsa. Ta share masa da hannun riga.

"Saurara," ya ce. "Injin yankan ƙarfe na cikin jakata. Sabon faifai ne. Ɗaure nan da bel, ki yanke, ki ja ni mu fita."

"Ba zan yi ba."

"Hannuna ne ko naki?"

"Ba zan yi ba, Om."

"To kashe mu za ki yi, mu biyun, saboda yatsu biyar."

Ta zare bel ɗinta ta ɗaure masa damtse, ta murɗa da cizal har ya daina zaginta. Jakar na nan kusa da ƙafarta. Ta ture ta da dunduniya, ta yi nisa kaɗan, ba sosai ba.

Da ta koma kan layin, bakin azara ya bar shi. Kaɗan. Kaurin ashana.

"Tana dawowa! Bu, ƙara! Kada ki tsaya wuri ɗaya!"

"Ina yi, 'yar nan! Takalmina ya narke!"

Ashana biyu. Uku. Kan jak na uku ya yi ƙas, ya ɗan ɗago. Darsih na ƙirga numfashin Lamber saboda ta rasa abin ƙirgawa. Leɓensa ya yi fari. Ya fara magana da yarensu na gida, wanda ba ta ji, yana kiran wani suna.

An ci rabin rata sai ƙarar ruwan ta canza. Ta koma tsiyaya. Ta koma ɗigo.

"Ya ƙare!" Bu Karsem ta ƙwalla. "Tankar ta ƙafe!"

Rabi. Rana na nan inda take, kafin minti biyar farantin zai bushe ya sake ɗaukar zafi. Abin da za ta samu ke nan, ba ƙari.

Ta leƙa ƙasa ta tsakanin katakan dandamali. Ruwan da ya zubo ya sa direbobi rage gudu, layin gabas ya cushe. Daidai ƙarƙashinta wata bas ce tana jan ciki, ta ga kan wata mata jingine da taga tana barci. Layin yamma kuwa gudu suke, ko a jikinsu.

"Bu, sauka ki tare motocin gabas! Kada kowa ya shigo ƙarƙashi!"

"Da me zan tare su?"

"Da jikinki!"

Ta jira. Katakon na kuka ba tsayawa yanzu. Bas ta fice, motar albasa ta shigo, ta fice. Sai ga Bu Karsem ta ɓullo a titi tana jan bencin rumfarta. Ta gicciya shi a gaban wata farar mota, ta hau ta zauna, ta ɗaga ludayi. Direban ya fito yana masifa.

"Taka ni in ka isa!" ta ce masa. "Ka taka uwarka!"

Layin gabas ya tsaya. Na yamma ba mai tare shi. Darsih ta dubi motocin da ke fitowa ɗaya bayan ɗaya, mutanen da ba su san ta ba, ba su san Lamber ba, ba wanda ya tambaye su. Ta san abin da take shirin yi da su. Ta yi bisimilla ta danna mariƙi.

Dannawa biyar na farko iska ce. A na shida ya yi tauri. Ta ɗora ƙirjinta a kai, tana kwance, ba wurin da za ta sa ƙarfin kafaɗa. Bakwai. Takwas. Allurar agogon famfo ta hau, azara ba ta motsa ba. Sha biyu. Kwankwasonta ya ɗauki wuta. Sha biyar, katakon ya yi shiru.

Jak na uku ya yi ƙara. Wani ƙaramin faranti ya tsirgo daga gindinsa, ya wuce ta gaban idonta, ya faɗa layin yamma. Ta ji ya daki kwalta, ta ji burki, ta ji ham mai tsawo. Ba ta ji karo ba. Ba ta leƙa ba. Jak na uku ya karkace ya tsaya a kan gefen gindinsa, yana rawa.

"Om, ja hannunka. Om!"

Ya suma. Ta ƙara danna uku. Haske ya bayyana tsakanin azara da safar hannunsa, siriri kamar zare. Ta murɗa zoben jak da hannu ɗaya, ta kama gwiwar hannunsa ta ja. Safar ta liƙe da tsatsa. Ta ja da ƙarfi, hannun ya fito, safar ta zauna a can.

Ba ta duba ba. Ta tuɓe ɗankwalinta ta naɗe hannun, ta kama bel ɗin wandonsa ta yi baya da shi, taƙi ɗaya, taƙi ɗaya, har ƙafafunta suka sami katako. Ta jawo shi suka zube tare a dandamali. Tsani na gabanta, matakai goma sha biyu zuwa sama. Ta gwada ɗaga shi sau biyu. A na biyun ƙafarta ta ƙi ɗaukar ta ita kanta.

Nan suka zauna, kansa a cinyarta, gada a saman kansu tana ƙas, ƙas. Ta daina jin lasifika. Ba ta san tun yaushe ba.

A-kori-kura ta riga motar sintiri isowa. Ta ji dariyar mazan, ta ji ta yanke. Pak Wiryo ne ya fara saukowa, zanen sallah a wuya, ƙafa ba takalmi. Ya dubi Lamber, ya dubi jak huɗun, ya dubi layuka biyun da ke kan siminti.

"Ya Allah. Mbak, ke kaɗai kika..."

"Ku cusa ƙarfe a ƙarƙashin azara ta ukun, Pak. Yanzu. Ku nemo ruwa."

Maza huɗu suka hau da Lamber a kan ƙyauren ɗakin kaya. Ita ma sai da aka tallafe ta.

A asibitin gari aka ajiye ta a benci, aka manna mata magani a baya inda ruwan zafi ya tashe ta. Wata ma'aikaciya ta ba ta aron mayafi, ta miƙo mata leda: agogon Lamber, walat ɗinsa, da waya mai tsagaggen gilashi. Aka kira la'asar, ba ta iya tashi ba, ta yi a zaune.

Wajen biyar saura likita ta fito, yarinya ce ƙarama, tana cire safa.

"Ke ce 'yar'uwarsa?"

"Tare muke aiki."

"Babban yatsa da manuni sun tsira. Sauran ukun mun cire, da gefen tafin. Hannun zai zauna. Wa ya ɗaure masa damtse?"

"Ni."

"Kin yi daidai."

"Zai riƙe guduma?"

Likitar ta dube ta. "Cokali dai, Mbak. Nan da wata shida."

Darsih ta gyaɗa kai. Ta ciro wayar daga leda, ba kulle a kanta. Lambar farko a jerin kira, an kira ta jiya, an kira shekaranjiya. Yosefa, matarsa, wadda suke kira Tanta. Ta danna. Aka daɗe ana ringi, sannan wata murya ta ɗauka, ana jin kaji a bayanta.

"Tsohon nan, yau kuma da rana? Me ka ɓata?"

"Tanta Yosefa, ba shi ba ne. Darsih ce, daga wurin aiki." Ta gyara zama. "Yana da rai. Hannunsa ma yana nan, amma ba duka ba. Ki nemi wuri ki zauna in faɗa miki."